Marigayi Farfesa Abdu Mumuni Diyoffo: Masanin da ya so rana ta yi wa talaka aiki

A duk ranar da kasuwar Bimbila ta ci, idan mai karatu ya ratsa ta layin masu kayan wuta, zai tarar da faifan sola manya da ƙanana an jingine su a ƙofar shaguna, ga batura ga fitilu ga fankoki, kamar dai yadda a shekarun baya ake jera fitilar ƙwai da kwalaben kananzir. Haka abin yake a Salaga da Yandi da Bawku, har zuwa Sinkase da ke bakin iyakar Togo da Burkina Faso. To amma da za a tsayar da mai sayarwa da mai saye a tambaye su wane ne ɗan wannan yanki namu na Afirka ta Yamma da ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman hanyar da rana za ta yi wa talaka aiki, tun lokacin da ake yi wa maganar kallon tatsuniya, da wuya a sami wanda zai amsa.

Wannan ne ya sa a yau filin namu na tarihin magabata ya ga ya dace ya waiwayi rayuwar marigayi Farfesa Abdu Mumuni Diyoffo, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Jamhuriyar Nijar, shehin malamin kimiyya, wanda babbar jami'ar birnin Yamai ke ɗauke da sunansa. Shi ba baƙo ba ne a gare mu, domin da yawa daga cikinmu mazauna zangunan arewacin Gana, iyayenmu da kakanninmu daga ƙasashen Katsina da Gobir da Damagaram suka biyo hanyar goro suka sauka a Gwanja, kuma har gobe albasar Galmi ta hannun 'yan uwanmu take bi kafin ta isa Kumasi da Akra. Bayan wannan kuma, a cikin nasarar da ya samu da kuma inda aikinsa ya tsaya, akwai darasi ga duk wani gari ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ke tunanin haɗa kuɗi su samar wa kansu wuta.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abdu Mumuni ranar 26 ga watan Yuni, 1929, a garin Tasawa da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram, wato a tsakiyar ƙasar Hausa, ko da yake asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, wani gari a gaɓar kogin Kwara kudu da Yamai, kuma gidan sarauta ne. Ya fara karatun boko a Damagaram, sannan ya ci gaba a Yamai. A wancan zamani na mulkin Faransa, duk yaron da ya yi fice a Nijar sai an kai shi ƙasar Sanagal kafin ya sami karatu mai zurfi, saboda haka a 1944 aka tura shi makarantar nan ta William Ponty da ke Sebikotan, kusa da birnin Dakar.

Ita dai wannan makaranta, Turawa sun kafa ta ne domin ta riƙa samar masu da malaman makaranta da akawuna da mataimakan likitoci da za su yi wa mulkinsu hidima, amma sai ta zama matattarar waɗanda daga baya suka karɓi ƙasashen. A nan Hufuwe Bwanyi na Kwaddibuwa ya yi karatu, haka Modibo Keita na Mali, haka Jori Hamani da Jibo Bakari da Bubu Hama na Nijar. Akasarinsu siyasa suka shiga. Shi kuwa Abdu Mumuni, duk da cewa bai guje wa siyasa ba kamar yadda za mu gani a gaba, zuciyarsa na wajen lissafi da kimiyya.

Daga Ponty ya wuce babbar sakandare ta Dakar, daga nan ya zarce birnin Faris, inda ya yi shekarun share fage a makarantar Saint-Louis kafin ya shiga jami'a. Ya sami digirinsa na farko a kimiyyar fiziks a 1953. A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agregasiyon, wadda gasa ce mai tsanani da ake ware guraben da ba su da yawa, kuma waɗanda suka haye su ne ake ɗauka a matsayin ƙwararrun malamai na ƙoli. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka rainon Faransa da ya ci ta a fannin fiziks. A lokacin yana da shekara 27.

Mai irin wannan takarda a wancan lokaci, da ya ga dama da ya yi zamansa a Faransa da albashi mai tsoka har ƙarshen rayuwarsa. Bai yi haka ba. A shekarar ya koma Dakar ya kama koyarwa a makarantar da ya fito.

Gwagwarmaya da littafinsa kan ilimi

Tun yana ɗalibi a Faris yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa, wadda aka fi sani da FEANF, a 1950. Haka kuma a 1957 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a garin Tiyes na Sanagal, jam'iyyar da ta fito ƙarara ta nemi cikakken 'yanci a daidai lokacin da manyan 'yan siyasa da dama ke ganin a ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Idan ba a manta ba, a wannan shekarar ce Gana ta sami 'yancinta ranar 6 ga watan Maris, abin da ya ƙara wa matasan ƙasashen maƙwabta ƙwarin gwiwa.

Ranar 28 ga watan Satumba, 1958, Janar Dagol ya sa aka kaɗa ƙuri'ar raba-gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka. Gini ce kaɗai, ƙarƙashin Seku Ture, ta zaɓi ta ɓalle nan take. Sai Faransa ta yi fushi ta kwashe ma'aikatanta da malamanta da likitocinta cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, don a ga yadda sabuwar ƙasar za ta yi. Kwame Nkrumah ya agaza wa Gini da rancen fam miliyan 10, su kuma wasu matasan masana na Afirka suka ajiye ayyukansu suka tafi cike gurbin malaman da aka janye. Abdu Mumuni na cikinsu, tare da masanin tarihin nan na Burkina Faso, Joseph Ki-Zerbo. Ya koyar a sakandaren Donka da ke Konakiri, duk da sanin cewa wannan mataki na iya jawo masa asarar matsayinsa a aikin gwamnatin Faransa. Bayan nan ya dawo gida ya koyar na ɗan lokaci a Yamai.

Abin da ya gani a ajujuwan Dakar da Konakiri da Yamai shi ya tattara a littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka, wanda aka buga a Faris a 1964, aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 1968. A ciki ya bayyana yadda kakanninmu ke tarbiyyar yara ta hanyar haɗa koyo da aiki, ya nuna cewa makarantar Bature an tsara ta ne don samar da 'yan hidima, sannan ya nemi a riƙa koyar da yara da harsunansu na gado, a ba kimiyya da sana'ar hannu muhimmanci, a kuma daina raba makaranta da rayuwar gona da kasuwa. Duk wanda ya fahimci wannan littafi zai gane dalilin da ya sa daga baya bai gamsu da a shigo da injuna daga waje a kafa wa mutane kawai ba.

Yadda ya rungumi rana

Daga 1962 zuwa 1964 ya zauna a Tarayyar Sobiyet bisa tallafin karatu na cibiyar kimiyya ta ƙasar, inda ya duƙufa kan binciken makamashin rana. Lissafin da ya kai shi ga wannan fanni kowane ɗan kasuwa zai gane shi. Ƙasashe irin su Nijar da Mali ba su da gaɓar teku, kuma a wancan lokaci kowace litar man fetur da kananzir sai ta yi tafiya mai nisa daga tashar jiragen ruwa, ana biyan kuɗin mota da kuɗin fito a hanya, kuma da kuɗin waje ake sayenta. Talaka kuwa da itace yake girki, ga daji yana ta ja da baya. Amma ga rana nan tana dukan ƙasar kusan kowace rana ta Allah, ba a shigo da ita daga ko'ina, kuma babu mai rufe mata iyaka.

A 1964 gwamnatin Modibo Keita ta ba shi dama ya kafa ɗakin gwaje-gwajen makamashin rana na ƙasar Mali a Bamako, ya kuma shugabance shi har zuwa 1969, yana haɗawa da koyarwa a babbar makarantar horar da malamai ta birnin. A tsakanin nan ne, a 1967, ya kammala digirin digirgir a Faris, inda ya yi bincike kan yadda lanƙwasasshen madubi ke tattara hasken rana a wuri guda. Duk wanda ya taɓa kunna takarda da gilashin tabarau yana yaro, ya ga ƙaramin misalin abin da Farfesa ya zauna ya auna da lissafi.

Bayan da sojoji suka hamɓarar da Modibo Keita a watan Nuwamba na 1968, sai Abdu Mumuni ya komo gida a 1969, inda aka danƙa masa ofishin makamashin rana na Nijar, wanda aka fi sani da ONERSOL, da aka kafa tun 1965. Ya riƙe wannan ofishi shekara 16, har zuwa 1985.

Abin da aka ƙera a Yamai

Abin da ya bambanta wannan ofishi shi ne bai tsaya ga rubuta takardu ba. Yana da sashen bincike, yana kuma da sashen ƙira, inda 'yan ƙasa masu walda da yankan ƙarfe ke haɗa kayan da hannunsu. Daga cikin abubuwan da aka ƙera akwai tankin ɗumama ruwa, wanda ba ya bukatar wuta ko famfo: ana shafa wa faffaɗan ƙarfe baƙin fenti a rufe shi da gilashi, bututai su ratsa ta cikinsa, idan ruwan ya yi zafi sai ya hau sama da kansa ya shiga tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Akwai na'urar tace ruwa, wadda rana ke mayar da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro tas, ya bar gishiri da datti a ƙasa. Akwai murhun rana mai kama da katafaren kwano da ke tara zafi a gindin tukunya. Akwai kuma na'urar busar da amfanin gona, wadda mai tumatir ko barkono ko albasa da ya taɓa zubar da kayansa saboda ruɓewa ya san darajarta.

Babban aikin da aka fi tunawa da shi shi ne injin da ke aiki da zafin rana, wanda aka sa wa sunan ofishin, aka kuma ƙera shi da haɗin gwiwar wani kamfanin Jamus mai suna Spilling. Yadda irin wannan inji ke aiki shi ne, rana za ta ɗumama wani ruwa mai saurin tafasa, tururinsa ya tura fistan kamar yadda injin jirgin ƙasa na da ke yi, shi kuma ya juya famfo ya jawo ruwa daga rijiya ko kogi. Manufar ita ce ƙauyen da ba ya ganin mai sai an yi tafiyar yini ya sami ruwan sha da na noman rani.

Zamanin ma ya gaskata shi. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 fari mai tsanani ya afka wa ƙasashen Sahel, dabbobi suka ƙare, jama'a suka watsu, wasunsu har zangunanmu na nan Gana suka iso. A 1973 kuma farashin man fetur ya ninka a duniya. Nan da nan waɗanda a da ke ganin aikin rana wasa ne suka dawo suna neman masu shi, hukumomin duniya irin su UNESCO suka riƙa neman shawararsa. Ya ci gaba da koyar da fiziks a jami'ar Yamai, kuma a 1979 aka naɗa shi shugabanta, ya riƙe ta na 'yan shekaru ba tare da ya saki aikin ONERSOL ba.

Inda aikin ya tsaya

Gaskiya ɗaya ce, kuma faɗinta ba rage wa marigayi daraja ba ne: kayan da aka ƙera a Yamai ba su mamaye ƙauyuka kamar yadda aka yi fata ba. Tankin ɗumama ruwa ya fi karɓuwa, amma a birane. Murhun rana kuwa, a Nijar da sauran ƙasashen da aka gwada shi, ya ci karo da yadda gidajenmu suke. Uwargida ta fi ɗora tukunyar tuwo da yamma lokacin da rana ta yi sanyi, kuma tuƙin tuwo na son wuta mai ƙarfi da tukunyar da ta zauna daram, ba tsayuwa a tsakar rana ana juya madubi ba. Gilashi da alminiyon kuma daga waje ake kawo su, don haka farashin ya fi ƙarfin manomi.

Shi kuma injin zafin rana, sai ga wata fasahar ta sha gabansa, wato faifan sola da ke mayar da haske wutar lantarki kai tsaye, ba tare da wani abu mai juyawa da zai goge ko ya yi yoyo ba. A zamanin Farfesa faifan na da tsadar gaske, amma yana ta sauka, har ta kai tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, bayan da masana'antun Sin suka shiga ƙera shi da yawa.

Sai dai a ganinmu babban dalilin ya wuce na fasaha. Aikin gaba ɗaya a kan aljihun gwamnati da masu ba da agaji ya dogara. Lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ke shigowa a shekarun 1970 abubuwa sun tafi, amma da farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980, man fetur ma ya yi araha a 1986, aka kuma shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi, sai bincike ya zama na farko da aka rage wa kuɗi. Su kuwa mutanen ƙauye a faɗin Sahel da aka riƙa kafa wa famfunan rana a matsayin kyauta, ba su sa ko sisi a ciki ba, ba a ba su ragamar kula da su ba, don haka da abu ya lalace sai a zauna jiran wanda ya kawo. A 1998 aka sake wa ONERSOL fasali aka mayar da shi cibiyar makamashin rana ta ƙasa. Ita kuwa Nijar tun 1976 ta jingina da layin wutar da aka jawo mata daga Nijeriya.

Rasuwarsa

Allah Ya yi wa Farfesa Abdu Mumuni rasuwa a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu, 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, kuma Nijar ta ware ranar 7 ga Afrilu ta kowace shekara a matsayin ranar makamashin da ba ya ƙarewa, domin tunawa da shi.

Shekara 32 bayan rasuwarsa, abin da ya hango ya faru a gaban idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, 2023, Nijeriya ta katse wa Nijar wuta a farkon watan Agusta bisa takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can yake zuwa, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. 'Yan uwanmu masu safarar albasa da shanu ba za su manta da waɗancan watanni ba. Abin da ya rage wa mutanen Yamai raɗaɗi a lokacin shi ne tashar sola ta Goru Banda mai ƙarfin megawat 30 da ta fara aiki a 2023. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Mu a nan arewacin Gana

Mu ma tarihin wutarmu bai yi nisa da wannan ba. An kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin da ya taru ya tashi mutane kusan 80,000, ya kuma shanye tsohon garin Kete-Krachi, inda fataken Hausawa da malamansu suka koma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Amma kaso mai yawa na wutar ya tafi masana'antar alminiyon ta Tema da biranen kudu, layin bai iso arewa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Duk lokacin da ruwan tafkin ya ja, kamar a 1983 da 1998 da 2007, sai a shiga rabon wuta, sannan ga shekarun dumso na 2012 zuwa 2016 da suka durƙusar da masu ƙanƙara da masu injin niƙa da teloli.

To amma mun riga mun san daɗin haɗa hannu. A ƙarƙashin shirin taimakon kai na SHEP da aka fara wajen 1990, garin da ke cikin tazarar kilomita 20 daga babban layi, idan mutanensa suka sayi turakun wuta da kansu suka kuma ja waya a wani kaso na gidajensu, gwamnati na gaggauta haɗa su. Garuruwa da dama ta wannan hanya suka ga wuta, kuma dattawanmu na iya tuna yadda aka yi karo-karon. A ɓangaren rana, an buɗe tashar sola ta Nabrongo a 2013, kuma wajen 2016 aka kafa ƙananan tashoshin sola guda 5 a wasu garuruwan tafkin Bolta da gaɓar koginta, ciki har da Kudorkope da Aglakope a yankin Krachi, mutanen da suka yi shekara 50 suna zaune a bakin ruwan da ke ba ƙasa wuta su kuwa suna cikin duhu. Sai dai waɗannan tashoshi mallakar gwamnati ne. A tsallaken iyaka kuwa, daf da Bawku, Burkina Faso tun farkon shekarun 2000 ta ba ƙauyuka damar kafa ƙungiyoyin gama-kai na wutar lantarki da ake kira COOPEL, inda masu amfani da wutar su ne mambobi, su ke zaɓen shugabanni. Wasu sun ɗore, wasu kuma tsadar man dizal da rashin biyan kuɗin wuta sun wahalar da su.

Ga shi yanzu faifan da ya gagari gwamnatoci a zamanin Farfesa yana cikin shagunanmu. Abin da ya rage shi ne rabin aikin da bai samu ya kammala ba, wato abin ya zama na jama'a. Ƙungiyar masu doya ta Bimbila, ko masu kifi na Makango, ko matan da ke haɗa man kaɗanya a ƙauyukan Yandi, ko mahautan Bawku, duk sun san adashi, sun san riƙe littafi, sun san yadda ake bin bashi. Da wannan ilimin ake riƙe famfon sola na rijiyar burtsatse, ko ɗakin sanyi na kasuwa, ko injin niƙa na unguwa.

Sai dai kafin a sayi ko faifai ɗaya, ya kamata a zauna gaban Sarkin Zango ko shugaban ƙungiya a rubuta wane ne mai kayan, wa ke karɓar kuɗi, kuma a wane asusu ake ajiye su. A sani cewa faifai na iya wuce shekara 20 yana aiki, amma batir ba haka yake ba, musamman irin na dalma, wanda 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu, kuma zafin ƙasarmu na ƙara rage masa kwana. Duk ƙungiyar da ba ta ware kuɗin sabon batir tun daga watan farko ba, ta shirya komawa duhu. A ba wani alhakin goge ƙurar hunturu daga kan faifan, domin ƙura na rage wutar. A fifita abin da zai kawo kuɗin shiga a kan abin ado. Idan kuma za a ja waya a sayar wa maƙwabta wuta, a fara tuntuɓar majalisar gunduma da hukumar makamashi ta ƙasa, domin akwai doka a kai.

Mafi muhimmanci, a tura yaran gari su koyi aikin, ko a makarantun koyon sana'a irin ta Bawku da ta Dabokpa a Tamale, ko a wajen ƙwararrun masu haɗa wuta, yadda idan abu ya lalace a Salaga ba sai an jira mai gyara daga Kumasi ba. Wannan shi ne abin da marigayi ya yi ta nema tun daga littafinsa na 1964 har zuwa maƙerar Yamai, kuma kakanninmu sun riga sun faɗa cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Su ma 'yan uwanmu masu sayar da kayan sola akwai amana a wuyansu. Wanda ya sayar wa manomi faifan jabu ko batir da ya gama aiki, ba manomin kaɗai ya cuta ba, ya sa gari guda ya yanke ƙauna daga abin da zai amfane shi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Farfesa Abdu Mumuni Diyoffo, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.